Ful-firem marar madubi ko 'yar ƙaramar kyamarar ruwa: wacce zan saya?

MamanYara ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana harkar hoto. Shawara nake nema kafin in fid da kuɗina. Abin da na tanada na kyamara ɗaya ne, hankalina kuma ya rabu biyu. Ko dai in sayi ful-firem marar madubi, wato babbar kyamarar da ake canza mata lens, da lens guda, irin su Canon EOS R8, Nikon Z5 ko Sony A7 III, ko kuma in ɗauki 'yar ƙaramar nan da ake shiga ruwa da ita, OM System TG-7 ko Pentax WG-8, in adana ragowar kuɗin.

Hotunan da na fi ɗauka na yara ne da 'yan gida, galibi a ɗaki da yamma ko da dare. Sai tafiya lokacin hutu: bakin teku, cikin kwalekwale, da iyo a saman ruwa ana kallon kifaye, zurfin da bai wuce mita biyu zuwa uku ba. Nakan so kuma in wanke hoto babba in kafa a bango.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, WG-8 megafiksel 20 gare ta, R8 kuma 24. To ina bambancin da ya kai wannan tazarar kuɗi? Sannan an ce manyan ma an yi musu kariyar ruwa. In haka ne, me zai hana in shiga ruwa da babbar in huta? Allah ya saka da alheri.

MaiLens ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ajiye batun megafiksel tukuna, ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a bayan lens. Ta ful-firem milimita 36 ce a 24. Ta TG-7 da WG-8 kuwa, wadda ake rubutawa 1/2.3, kusan milimita 6.2 ce a 4.6. In kika buga lissafi, filin ta farko ya ninka na ta biyu wajen sau 30. Ki saita su biyun a ISO ɗaya (lambar da ake ƙarawa don hoto ya yi haske in wuri ya yi duhu), ƙofar haske ɗaya (ramin da haske ke bi a cikin lens), saurin shota ɗaya (tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga), hoton zai fito da haske iri ɗaya a ido, amma babbar ta tara haske ninki 30 kafin ta gina nata. Shi ya sa tsabtar da ƙaramar ke bayarwa a ISO 100, babbar sai ta hau wajen ISO 3200 kafin ta lalace zuwa wannan matsayi. Cusa megafiksel 20 a kan 'yar wannan sensa ba ya ƙara haske ko kaɗan, sai dai ya daddatsa wanda ake da shi. TG-7 a 12 ta tsaya, kuma hotonta bai rasa komai ba saboda haka.

Da rana tsaka a waje, inda ƙaramar za ta zauna a ISO 100 ko 200, bambancin ba ya tsone ido, musamman in a waya za a kalla. A ɗaki ne asiri ke tonuwa. Yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka saurin shota ba zai yi ƙasa da 1/250 na daƙiƙa ba in ba a son hannu da fuska su ja, wato su yi dishi-dishi saboda motsi. A hasken ƙwan ɗaki na yau da kullum, 1/250 da ƙofar f/2 (gwargwadon ƙanƙantar lambar f, gwargwadon buɗewar ƙofa) suna neman ISO tsakanin 1600 da 3200. Ga ful-firem wannan ba komai ba ne, har 6400 hoto yana fita lafiya. Ga 'yar ƙaramar sensa kuwa, nan ne hoto ke yin yashi-yashi, kyamarar ta yi ƙoƙarin share yashin, ta haɗa da gashin gira da zaren riga, fuska ta koma kamar an shafe ta da fenti. Kuma f/2 ɗin TG-7 a 25mm kawai yake, wato faɗaɗɗen ɓangaren lens. Kina jawo zum zuwa 100mm ya koma f/4.9, hasken da ke shiga ya ragu sau shida, ISO ya nemi 10,000. WG-8 daga f/3.5 ma take farawa, kashi ɗaya cikin uku na hasken da f/2 ke shigarwa, ba ta kuma ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ake gyarawa daga baya, sai JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa. Abin da ya rage miki a ɗaki shi ne filashi, shi kuma fuska ta yi fari fat, baya ya yi baƙi.

Amma ki kula, sayen ful-firem kaɗai bai isa ba. Ƙaramin zum ɗin da ake haɗa R8 da Z5 da shi, 24-50mm, yana rufewa zuwa f/6.3 a ƙarshensa. Tsakanin f/6.3 da f/1.8 haske ya bambanta sau goma sha biyu, kin ga kin zubar da kaso mai tsoka na ribar da kika biya kuɗi domin ta. Lens ɗin ɗaki shi ne marar zum mai buɗaɗɗiyar ƙofa: 50mm f/1.8, ko 35mm f/1.8 in ɗakin ba shi da faɗi, ko 40mm f/2 na Nikon. Ba su da nauyi kuma. R8 giram 461 ce, RF 50mm f/1.8 giram 160, jimilla ɗan sama da giram 600. TG-7 giram 249 ce gaba ɗaya, aljihu take shiga.

Buɗaɗɗiyar ƙofa kuma tana da nata sharri. Da 50mm a f/1.8, in mutum yana mita biyu daga gare ki, abin da zai fito garau bai wuce santimita 17 daga gaba zuwa baya ba. Mutum ɗaya, hoto ya yi kyau ƙwarai, baya ya narke. Mutum huɗu a layi biyu, na baya sun yi dishi-dishi. Hoton taro a rufe zuwa f/4 ko f/5.6, a bar ISO ya hau.

Batun wanki: megafiksel 12 fiksel 4000 ne a 3000, a ɗigo 300 kowane inci ya ba da santimita 34 a 25. Megafiksel 24 ya ba da 51 a 34. Na bango ana kallonsa daga nesa, don haka ana iya wuce haka sosai, in dai asalin hoton mai tsabta ne. Na TG-7 da aka ɗauka da rana zai yi A3. Wanda aka ɗauka a ɗaki da dare, kar ki ɓata takarda.

Tsakanin ukun da kika lissafa, R8 ta fi iya kama idon yaro yana gudu, amma ba ta da maganin rawar hannu a jikinta, ramin memori ɗaya gare ta, batirinta LP-E17 kuma ƙarami ne, sai kin riƙe na biyu da na uku. Z5 da A7 III suna da maganin rawar hannu da ramin memori biyu, batirin A7 III kuma yana kai hoto 600 zuwa 700 a ma'aunin kamfani. Z5 ta farko fokas ɗinta yana lalube in haske ya yi ƙasa, an gyara wannan a Z5 II ta 2025. Ki tuna maganin rawar hannu hannunki yake tsayarwa, ba yaron ba.

Tunda kin ce yawancin hotunanki na ɗaki ne, ni babbar zan ce ki saya. Batun ruwa na bar wa masu shi.

Ɗan_Nutso ya rubuta:

Hajiya, tambayarki ta biyu ita ce mai hatsari, don haka a taƙaice: kar ki kuskura. Kariyar da aka yi wa manyan ta yayyafi ce da ƙura. 'Yan siraran robobi ne da soso a bakin ƙofar batir, ƙarƙashin madannai da gindin lens, aikinsu su rage shigar ɗigon da ya sauka ya gangara. Ba a yi su don matsin ruwa ba. Yawancin kamfanonin ma ba sa rubuta lambar IP, wato ma'aunin juriyar ruwa da ƙura, a kan ful-firem ɗinsu, garanti kuma ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Lens mai zum yana zuƙar iska yana fitarwa duk lokacin da aka murɗa shi, ta nan ɗin ruwa zai bi. Daƙiƙa biyu a cikin teku sun isa.

TG-7 kuwa an gina ta ne a rufe: mita 15 na tsawon awa ɗaya, faɗuwa daga mita 2.1, dannewar kilo 100, sanyi har 10 ƙasa da sifili. WG-8 tana kai mita 20. Zum ɗinsu a cikin jiki yake motsi, babu abin da ke fitowa waje. Mita biyu zuwa uku da kika ce wasa ne a gare su. Mai nutso da tukunyar iska ne zai damu, tunda takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko ma mita 18 ce, sai ya sa TG-7 a akwatinta PT-059 mai kai mita 45.

Ana shiga ruwa da ful-firem, amma a akwatin ruwa, irin na Nauticam, Ikelite ko Seafrogs. Ga abin da ba a faɗa wa sabon shiga. Akwatin na samfurin kyamara ɗaya ne tak, ranar da kika canza kyamara ya tashi aiki. Ba ya zuwa da murfin gaba, wannan daban ake saye gwargwadon lens, wani lokaci da zoben ƙarin tsawo da giyar murɗa zum. Shafaffen murfi yana matse faɗin hoto, domin ruwa yana karya haske, komai ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, 24mm ya koma kamar 32mm. Murfi mai tulluwa yana dawo da faɗin, amma dole a rufe ƙofa zuwa f/8 ko f/11, har f/13, in ba haka ba kusurwoyin hoto su narke. Kin ga ƙofar f/1.8 da Malam MaiLens ya yaba ba ta da amfani a nan. Ƙara fitilu biyu da hannayensu, kaya ya haura kilo huɗu ko biyar, kuɗin kuma sau da yawa ya wuce na kyamarar kanta. Ga mai iyo da yara a gefe, wannan ba hanya ba ce.

A mita biyu zuwa uku da rana haske ya wadata, ƙaramar sensa tana zaune a inda ta fi ƙarfi. Abin da ke ɓata hoton ruwa ba girman sensa ba ne, ruwan da ke tsakaninki da kifin ne. Ruwa yana shanye launi, ja yake fara ci, kafin mita biyar ya kusa ƙarewa, sai ruwan lemo, sai rawaya, a bar ki da shuɗi da kore. Kuma tafiyar hasken duka ake lissafawa: zurfin mita biyu, kifi yana mita uku daga gare ki, hasken ya yi tafiyar mita biyar ke nan. Maganin shi ne matsawa kusa. Ƙasa da mita ɗaya, in kin samu rabin mita ya fi. Kar ki jawo da zum, ki bar lens a 25mm ki matsa da jikinki.

Saitin da zai yi miki aiki a TG-7: RAW da JPEG tare, domin a RAW ake dawo da jan da ya ɓace ba tare da hoto ya fashe ba. Daidaita launi a sa na ruwa marar zurfi, tana da guda uku, na sama-sama, na tsaka-tsaki da na zurfi. ISO a bar shi yana hawa da kansa amma a ɗaure shi kar ya wuce 800, mafi ƙarancin saurin shota a sa 1/250, domin igiyar ruwa tana kaɗa ki ko da kifin ya tsaya. Filashi a kashe. Yana dab da lens, haskensa yana dukan ƙwayoyin dattin da ke yawo a ruwa su dawo kai tsaye, hoto ya cika da fararen ɗige-ɗige. Sai in abu yana ƙasa da santimita 30 ne filashin zai taimaka. Rana ta kasance a bayanki, lokaci mafi kyau kuma daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, sa'ad da haske ke sauka a miƙe.

Ki san iyakarta kuma. Ba ta da cikakken saitin hannu. Ƙofar haskenta a 25mm zaɓi uku ne, f/2, f/2.8 da f/8, na ƙarshen ma rage haske kawai yake yi, ba ya ƙara wa hoto kaifi. Ba ta da tagar leƙe, sikirin ne kawai, a cikin rana mai ƙarfi da ƙyar ake ganinsa. A gefe guda tana da abin da ful-firem ba ta yi sai da lens na musamman: tana kama fokas daga santimita ɗaya, har ta haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya mai kaifi gaba da baya. Ƙwari, furanni, 'yan halittun jikin dutse, a nan ba ta da abokiyar karawa a ajinta.

Ba ta iyo, nutsewa take yi. Igiyar hannu mai taso da ita sama dole ce, a gwada ta a bokiti da kyamarar a ɗaure kafin a je ruwa.

Mai_Gyara ya rubuta:

Kowa ya faɗi gaskiya. Ni ta ɓangaren lalacewa zan ƙara, domin kowacce da hanyar mutuwarta.

Kyamarar ruwa ba ta jiki take shan ruwa ba, ta ƙofa take sha. TG-7 ƙofa biyu gare ta, ta batir da memori, da ta wajen caji, kowacce da makulli biyu da roba a bakinta. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar rairayi ɗaya a kan robar ya buɗe hanya. Saboda haka a ɗaki ake buɗewa da rufewa, da busasshen hannu, a wuri mai haske. A duba robar da ramin da take zama, a share da ƙyalle marar zare, a rufe har a ji ƙas, a tura makulli na biyu. Ba a buɗewa a bakin ruwa ko don canza batir, shi ya sa ake fita da cikakken caji da memori mai fili. Hotuna a tura ta Wi-Fi, a rage yawan buɗewa. Ba a shafa wa wannan robar man giris. Giris na zoben akwatin ruwa ne, shi ma wanda kamfanin akwatin ya ce, domin wani man yana kumbura roba.

Mita 15 ɗin nan a ruwa mai kwance aka auna. Tsalle daga kwalekwale da kyamara a hannu, dukan igiyar ruwa, tsayawa ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga dutse, ko wanke ta a bakin famfo mai ƙarfi, duk suna iya tura ruwa da ƙarfin da ya wuce na zurfin. Ruwan zafi, sabulu da man kariyar rana suna cin robar. In ta faɗi a ƙasa mai tauri, ko da tana aiki, ƙofar na iya gocewa kaɗan, a kai a duba kafin a sake tsoma ta. Kamfanin TG-7 da kansa yana ba da shawarar canza robobin duk shekara.

Bayan teku, kafin a buɗe komai, a jiƙa ta a ruwan daɗi na kamar minti goma, ana daddanna madannai ana murɗa abin zaɓi a cikin ruwan. In aka bar gishiri ya bushe, ƙwayoyi masu tauri yake zama a ƙarƙashin madannai, su ƙage, ya kuma kankare robar. A goge, a bar ta ta bushe a inuwa, sannan a buɗe ƙofa tana kallon ƙasa don ɗigon da ya maƙale ya faɗi waje. Hazo a cikin gilashi kuma yawanci daga barin ta a rana yake, ta yi zafi, a tsoma ta a ruwan sanyi, damshin iskar cikinta ya kwanta a gilashin. A rufe ta da tawul in ba a amfani da ita.

Babbar kuwa abokan gabanta a irin wannan tafiya uku ne: feshin gishiri, rairayi, damshi. A kwalekwale tana cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a naɗe bakinta sau uku, a fito da ita a ɗauka a mayar. A sa mata rigar ruwan sama, gilashin kariya a gaban lens, da hular lens. Ba a canza lens a bakin teku, domin marar madubi galibi sensarta a buɗe take da zarar an cire shi. In ya zama dole, a kashe ta, a juya wa iska baya, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Da yamma a hure rairayi da famfon roba tukuna, sannan a goge jikin da ƙyalle mai ɗan damshin ruwan daɗi. In aka fara da goga, rairayin ya karce gilashi. Zum da ya fara ƙaras-ƙaras in an murɗa, a daina murɗawa.

Fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa iska mai zafi da damshi yana sa ta yi gumi ciki da waje. A sa ta a jakar leda a rufe kafin a fito, a ba ta minti 20 zuwa 30. Ajiya kuma a akwati mai rufi da silika, damshi tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, in ba haka ba fumfuna ta kama lens, ita kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin, ba ta goguwa.

In tsautsayi ya sa ta faɗa ruwa, a zare batir nan take, a cire memori, kar a kunna don a ga ko tana aiki. Kunnawar ce ke ƙone allon. Na ruwan daɗi yakan tsira in an kai gyara da wuri. Na ruwan gishiri da wuya, tsatsa tana ci gaba da ci ko bayan ta bushe.

Hoto_Zalla ta rubuta:

Ni ban bi Malam MaiLens ba gaba ɗaya. 'Yar'uwa, wace waya kike riƙewa? Wannan ce tambayar da ba a yi ba. Manyan wayoyin yanzu babbar kyamararsu tana da sensa irin 1/1.3, filinta ya ninka na TG-7 fiye da sau biyu, ga shi suna haɗa hotuna da yawa a dannawa ɗaya. A ɗaki da dare waya mai kyau ta fi TG-7, ba ko tantama. To in wayarki irin wannan ce, hoton ɗaki kina da mai yi miki, ko da bai kai na ful-firem ba. Wanda ba ki da mai yi miki ko kaɗan shi ne na ruwa. IP68 da aka rubuta a waya gwajin ruwan daɗi ne mai kwance, galibi mita ɗaya da rabi na minti 30, ba teku ba, sikirin ɗin taɓawa kuma ba ya jin yatsa a ƙarƙashin ruwa.

Sannan akwai abin da lissafin sensa ba ya nunawa. Kyamarar da ake jin tsoron fito da ita a kwalekwale, a bakin ruwa, a cikin ruwan sama, a jaka take wuni. TG-7 ana miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai ya ɗauka da kansa ba tare da gaban kowa ya faɗi ba. Ful-firem kuma sai an koyi ƙofa da shota da ISO da gyaran RAW a kwamfuta, kowane fayil megabait 25 zuwa 50. Wanda zai bar ta a saitin atomatik da zum ɗin da ta zo da shi, abin da zai samu bai kai abin da ya biya ba.

Ki buɗe wayarki ki ƙirga hotuna 200 na baya-bayan nan. Nawa ne suka ɓaci saboda duhu ko motsin yara? Sannan ki tuna sau nawa kika fasa ɗauka saboda tsoron ruwa. Wanda ya fi yawa shi ne amsarki.

MamanYara ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na ƙirga, kuma na ɗakin ne suka fi ɓaci nesa ba kusa ba, wayar tawa matsakaiciya ce, yara suna motsi sai hoto ya ja. Ruwa kuwa sau ɗaya ko biyu ne a shekara. In na sayi babbar ta hannu don kuɗi ya ragu, me zan duba? Kuma da ragowar me zan shiga ruwa, ko in nemi TG ta hannu ita ma?

MaiLens ya rubuta:

Jan hoton da kike gani in yara sun motsa, ko babbar waya tana yinsa, Hajiya, domin yanayin dare na waya hotuna da yawa yake tarawa na tsawon daƙiƙa ɗaya ko fiye, abin da ke motsi ba ya haɗuwa daidai. To babbar kyamarar ce taki.

Ta hannu, ki fara da adadin bugun shota, ana karanta shi daga fayil ɗin hoton da ba a taɓa ba ko da manhaja, gwargwadon kamfani. Ƙasa da 30,000 kyamarar ba ta yi aiki ba tukuna. Ki rufe ƙofa zuwa f/16, ki ɗauki farar takarda ba tare da fokas ba, ki faɗaɗa hoton: baƙaƙen ɗige ƙura ce, tana fita, dogon layi kuwa karce ne, ki bar musu kayansu. Ki sa murfin lens ki ɗauki hoton daƙiƙa biyar a duhu, ki duba ko akwai ɗigo masu launi da yawa. Ki leƙa kawunan sukurori, mazaunin filashi da ƙarafan cikin ramin batir. Kore ko farin gari a nan alamar ta sha ruwa ce, ko da tana aiki yau. Kowane madanni da kowane ramin memori a gwada. Lens kuma a cire shi a haska tocila ta baya a leƙa ta gaba, zare-zare masu rassa fumfuna ce, hazo kuma damshi ne ko mai.

TG ta hannu ita ce ban so ba. Ba ki san sau nawa ta faɗi ba, ba ki san shekarun robarta ba, kuma ba a gane hakan sai a cikin ruwa. In kin samu TG-6 ta 2019 da araha, sensa da lens ɗinta ɗaya ne da na TG-7, amma ki sa kuɗin canza roba a lissafi, sannan ki tsoma ta a bokiti na minti goma ba tare da memorinki mai muhimmanci ba. 'Yan kumfa da suka maƙale a jiki ba komai, kumfa mai fitowa a jere daga bakin ƙofa ita ce matsala.

Ga ruwa sau biyu a shekara, mafi sauƙi shi ne kyamarar motsi irin GoPro, tana shiga mita 10 ba akwati. Bidiyonta ya fi hotonta, ba ta da zum na gaskiya, fokas ɗinta a kafe yake, abin da ya matso ƙasa da kamar santimita 30 ba ya fita. Ko kuma akwatin waya mai tauri mai madannai na zahiri. Jakar leda mai zif ta waya ita ce ta ƙarshe a jerin. In ita za ki yi amfani da ita, ki sa busasshiyar takarda a ciki, ki danne ta a ƙasan bokiti na rabin awa ki ga ko ta jiƙe, sannan a cikin ruwa ki riƙa ɗauka da madannin ƙara murya tunda sikirin ba zai ji ki ba.